Houston Rockets tun daga 1967 zuwa yau: tambayoyin da ake yawan yi da amsoshinsu

Wanda ya fara kallon NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 'yan shekarun nan, in aka ce Houston Rockets abinda zai faɗo masa a rai shine James Harden da gemunsa, ko Kevin Durant da yazo a 2025. Amma kulob ɗin nan ya haura shekara hamsin a duniya, ya ɗauki kofi sau biyu, kuma ɗan wasa mafi girma da ya taɓa sa rigarsa, Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas ne. Ga tambayoyin da aka fi yi akan tarihinsa, daga tushe har zuwa inda ake yanzu.

Yaushe aka kafa kulob ɗin, kuma dama can a Houston yake?

A'a. A birnin San Diego na jihar Kalifoniya aka kafa shi a 1967, shekarar da NBA ta ƙara sabbin kulob biyu, shi da Seattle SuperSonics. Wani ɗan kasuwa Robert Breitbard ne mai shi a lokacin. Sizin ɗinsu na farko sun ci wasa 15 an ci su 67, wato dai kashi suka sha yadda ya kamata, kuma ɗan wasan da suka fara zaɓa daga jami'a a tarihinsu shine Pat Riley, wanda daga baya ya zama babban kocin Lakers da Miami. Shekara huɗu kawai sukayi a San Diego, 'yan kallo basu cika zuwa ba, kuɗi basa shigowa, sai aka sayar da kulob ɗin a 1971 akan dala miliyan 5.6 aka kwashe shi zuwa Houston a jihar Texas.

Toh sunan Rockets fa, ba saboda NASA bane?

Mutane da yawa haka suke zato saboda cibiyar NASA mai kula da 'yan sama jannati tana Houston. Amma tun a San Diego aka raɗa sunan, inda ake ƙera rokokin Atlas a lokacin. Da suka koma Houston sai sunan ya dace da garin, aka barshi yadda yake.

Su waye taurarinsu na farko farko?

Elvin Hayes ne na farko, sun ɗauke shi a 1968 kuma a shekararsa ta farko ya fi kowa cin maki a NBA gaba ɗaya, maki 28.4 a kowane wasa. Sai dai bai jima ba bayan komawa Houston aka tura shi Baltimore a 1972. Waɗanda suka zauna suka riƙe kulob ɗin su biyu ne da aka ɗauka tare a 1970, Rudy Tomjanovich da Calvin Murphy. Murphy tsawonsa mita 1.75 ne kacal, a wasan da kowa zabgege ne, amma yana cikin waɗanda suka fi iya jifan kyauta (jifan da ake ba ɗan wasa in an yi masa keta) a tarihi, a sizin na 1980-81 ya jefa 78 a jere babu wanda ya ɓarar.

Shekarun nan na farko a Houston wahala ce zalla, garin masu ƙwallon Amurka ne ba ruwansu da kwando, kulob ɗin bashi da filinsa na kansa, har San Antonio da Waco ake kai wasannin gida don neman 'yan kallo, sai a 1975 aka buɗe filin The Summit suka samu wurin zama.

Me ya faru da Tomjanovich a 1977?

Ranar 9 ga Disamba 1977 suna wasa da Lakers faɗa ya ɓarke a tsakiyar fili, Tomjanovich ya rugo da gudu wajen, sai Kermit Washington na Lakers ya juyo ya kai masa naushi a fuska da dukkan ƙarfinsa. Ƙasusuwan fuskarsa sun farfashe, ya kusa rasa ransa, sauran sizin ɗin bai ƙara bugawa ba. Daga wannan abun ne NBA ta ƙara tsaurara hukunci akan faɗa a fili. Ku riƙe sunan mutumin nan don shine zai dawo ya zama kocin da ya ɗaukar musu kofi.

Yaushe suka fara zuwa fainal?

1981, da Moses Malone. Shi Malone sun samo shi a 1976 kuma babu kamarsa wajen cafke ƙwallon da ta dako kwando ta dawo, in ya ɓarar zai sake cafkewa ya sake jefawa har sai ta shiga. Ya zama gwarzon NBA sau biyu da rigar Houston, 1979 da 1982. Abun mamaki a 1981 shine sun gama sizin da cin 40 rashi 42, ko rabi basu ci ba, amma suka fitar da Lakers ɗin Magic Johnson da Kareem masu riƙe da kofi, suka wuce har fainal, inda Boston Celtics ɗin Larry Bird ta cinye su 4-2. A 1982 Malone ya tafi Philadelphia, shekara na zagayowa ya ɗauki kofi a can, su kuma Rockets suka faɗi ƙasa warwas da cin wasa 14 cikin 82.

In kulob ya zo na ƙarshe haka ba'a korar shi zuwa ƙaramin rukuni kamar Firimiya?

Babu wannan a NBA. Wanda ya fi lalacewa ma shi ke da damar fara zaɓar gwani cikin samarin da zasu shigo daga jami'o'i ko ƙasashen waje, abinda ake kira diraf. A wancan zamanin kulob biyu na ƙarshe, ɗaya daga gabas ɗaya daga yamma, kwabo ake wurga musu a ga wa zai fara zaɓe. Houston ta ci wannan kwabon shekara biyu a jere, 1983 ta ɗauki Ralph Sampson mai tsawon mita 2.24, 1984 ta ɗauki Olajuwon. An yi ta zargin cewa da gangan suka dinga sakin wasanni a ƙarshen sizin don su samu wannan damar, shi yasa daga 1985 NBA ta canza tsarin zuwa ƙuri'a.

Da gaske ne sun bar Michael Jordan sun ɗauki Olajuwon?

Gaskiya ne. A diraf ɗin 1984 Houston ta ɗauki Olajuwon a na ɗaya, Portland ta ɗauki Sam Bowie a na biyu, Chicago ta ɗauki Jordan a na uku. Amma ku lura, Portland ake yiwa gori har yau, babu mai hankalin da yake zagin Houston akan wannan zaɓin, don ko Chicago ce ke da lamba ɗaya a ranar da wuya ta tsallake dogon. A lokacin kowa ya yarda da ɗan tsakiya ake gina kulob, gashi kuma yaron ɗan gida ne, a Jami'ar Houston yayi karatu, ya kai ta fainal ɗin jami'o'i a 1983 da 1984, garin duk sun san shi.

Waye Hakeem Olajuwon kafin ya je Amurka?

An haife shi a Legas ranar 21 ga Janairu 1963, Bayarabe ne musulmi, iyayensa siminti suke sayarwa. Bai tashi da ƙwallon kwando ba sam, gola ne a ƙwallon ƙafa sannan yana buga ƙwallon hannu, sai da ya zama saurayi a sakandare ya fara taɓa kwando. Shi da kansa ya sha faɗin cewa tsaron raga ne ya koya masa taku da kuma sanin lokacin da zai yi tsalle ya tare ƙwallo, kuma duk wanda ya kalli bidiyonsa zai gane haka, mutum ne dogo sosai amma ƙafafunsa kamar na ɗan ƙaramin ɗan wasa, zai nuna maka zai juya dama ka bi, ya koma hagu ka sake bi, ya ɗaga ƙwallo kamar zai jefa ka tashi sama, kana saukowa ya riga ya zagaye ka ya zura. Wannan salon shi ake kira Dream Shake, daga laƙabinsa The Dream. Har bayan ya yi ritaya manya irinsu Kobe Bryant da LeBron James sun je wajensa a Houston koyon takun nan.

A tarewa kuwa har yau shi ke riƙe da tarihin NBA, ƙwallo 3,830 ya buge ya hana su shiga. A watan Maris na 1990 a wasa da Milwaukee yayi abinda mutum huɗu ne kawai suka taɓa yi a tarihin gasar, maki 18, cafka 16, taimako 10, tarewa 11, duk a wasa ɗaya.

Me yasa shi da Sampson basu ɗauki kofi tare ba?

Sun kusa. A 1986 suna yara suka fitar da Lakers 4-1 a fainal ɗin yamma, Sampson ya karɓi ƙwallo saura daƙiƙa ɗaya ya wurga ta yana juyi a sama ta daki ƙarfe ta faɗa ciki. Sai suka sake karo da Celtics a fainal, kuma Celtics ɗin 1986 tana cikin kulob mafi ƙarfi da aka taɓa haɗawa, aka sake cinye su 4-2. Kowa ya ɗauka gobe tasu ce, amma cikin shekara biyu komai ya wargaje. Ƙwaya ta cinye musu 'yan wasan baya, an sallami John Lucas tun kafin ƙarshen sizin ɗin 1986, sannan a farkon 1987 NBA ta dakatar da Lewis Lloyd da Mitchell Wiggins saboda hodar iblis, gwiwoyin Sampson suka fara lalacewa, a ƙarshen 1987 aka tura shi Golden State. Hakeem ya zauna shi kaɗai yana ɗaukar kulob a kafaɗa shekara da shekaru, har a 1992 rigimar kwantiragi ta shiga tsakaninsa da shugabannin kulob ɗin ya nemi a sayar da shi. Allah yasa basu sayar ba.

Yaya kofin 1994 ya kasance?

Tomjanovich ya karɓi aikin koci a farkon 1992, ya shirya tsari mai sauƙi, a ba Hakeem ƙwallo a gindin kwando, in mutum ɗaya ne ke tsaronsa ya gama dashi, in suka taru masa su biyu ya fitar wa masu jifan maki uku, wato Kenny Smith, Vernon Maxwell, Robert Horry, Mario Elie da wani sabon yaro Sam Cassell. Sun fara sizin ɗin da cin wasa 15 a jere suka gama da 58-24.

A zagaye na biyu Phoenix ta zo har gida ta ci su wasa biyu na farko, na biyun ma suna gaba da maki 20 a zubin ƙarshe suka bari aka kamo su, jaridar garin ta buga musu kanun cin fuska cewa garin masu sarewa ne. Suka je Phoenix suka rama biyu, suka ci a wasa na bakwai, daga nan laƙabin Clutch City, wato garin da baya sarewa in wasa ya ɗaure, ya samo asali.

Fainal da New York Knicks ɗin Patrick Ewing kuwa kokawa ce kawai, wasa bakwai babu kulob ɗin da ya kai maki 100 ko sau ɗaya. Knicks na gaba 3-2, a wasa na shida Houston na gaba da maki biyu saura daƙiƙu, John Starks wanda hannunsa ke zafi a daren ya tashi zai jefa uku, in ta shiga kofi ya tafi New York, Hakeem ya miƙo hannu ya taɓa ƙwallon da 'yan yatsu ta faɗi kafin ta isa. Wasa na bakwai suka ci 90-84. A shekarar shi ya zama gwarzon gasa, gwarzon masu tsaro, kuma gwarzon fainal, shine mutum na farko da ya haɗa ukun a sizin ɗaya, kuma ya yi hakan babu wani babban tauraro na biyu a gefensa.

Amma ai ance don Jordan baya nan ne suka ci, ko ba haka ba?

Wannan maganar ita tafi ci min rai a duk hirar NBA, kuma masu yinta yawanci basu duba 1995 ba. Eh, Jordan ya ajiye wasa a Oktoba 1993, bai buga sizin ɗin 1993-94 ba. Amma ya dawo a watan Maris 1995, ya buga wasannin fitar da gwani, Orlando Magic ɗin Shaquille O'Neal da Penny Hardaway ta fitar da shi 4-2. Wannan Orlandon ce Houston ta share 4-0 a fainal.

Kuma ku duba hanyar da suka bi. Sizin ɗin bai musu kyau ba, 47-35, na shida a yamma, a watan Fabrairu suka bada Otis Thorpe suka karɓo Clyde Drexler abokin Hakeem tun jami'a. Duk zagaye huɗun abokin karawa ne ke da damar gida. Utah mai cin 60 ta sa su a baya 2-1 a zagayen da wasa biyar ne, suka juye ta. Phoenix mai cin 59 ta kai 3-1, suka ci uku a jere, Mario Elie ya jefa ukun da ta kashe wasa na bakwai daga kusurwa. Sai San Antonio mai cin 62, wadda David Robinson ɗinta aka ba kyautar gwarzon shekara a gaban idon Hakeem kafin wasa, shi kuma ya fito ya dinga zuba masa sama da maki 35 a kowane wasa a matsakaici, yana wasa da hankalinsa a gindin kwando har abun ya zama bidiyon da ake koyar da yara dashi. Sannan Orlando mai cin 57, wasan farko Nick Anderson ya ɓarar da jifan kyauta huɗu a jere a ƙarshe, Kenny Smith ya rama da uku, Hakeem ya tura ta ciki a ƙarin lokaci saura ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Har yau babu kulob ɗin da ya ɗauki kofi daga matsayi na shida sai su. Wanda ya bi ta kan Karl Malone da Stockton na Utah, Barkley na Phoenix, Robinson da Shaq a wata biyu, ba bashin kowa akansa. A wajen karɓar kofin ne Tomjanovich ya faɗi maganarsa da ta shahara, cewa kada a taɓa raina zuciyar zakara.

Da gaske yana azumi yana buga wasa?

Yana yi, har da ranakun wasa, ko ruwa baya sha in wasan rana ne. Ramadan na 1995 ya faɗo a watan Fabrairu, kuma a wannan watan aka zaɓe shi gwarzon wata na NBA. Da kulob ɗin zai karrama shi a 2008 bai yarda a sassaƙa mutum-mutuminsa ba saboda addini, sai akayi siffar rigarsa mai lamba 34 da tagulla aka kafa a ƙofar filin wasansu Toyota Center. Ya kuma sayi wani tsohon ginin banki a tsakiyar Houston ya mayar dashi masallaci da cibiyar da'awa. Abinda wasu 'yan Najeriya ke jin zafinsa shine ya karɓi takardar zama ɗan Amurka a 1993, kuma da rigar Amurka ya ci zinare a Olamfik ɗin 1996.

Bayan kofi biyun sai me?

Sai ta leƙo ta koma, kuma haka aka dinga yi har yau. Sun kawo Charles Barkley a 1996, John Stockton ya fitar dasu da jifan uku a daƙiƙar ƙarshe a fainal ɗin yamma na 1997. Scottie Pippen yazo a 1999 bai wuce sizin ɗaya ba. A 2001 Hakeem ya tafi Toronto ya buga shekara ɗaya ya ajiye.

Zamanin Yao Ming da McGrady fa?

Yao ɗan Chaina ne daga Shanghai, mita 2.29, sun ɗauke shi a lamba ɗaya a 2002 kuma shi ya mayar da Rockets kulob ɗin da aka fi so a Chaina. A 2004 suka haɗa shi da Tracy McGrady, wanda a Disambar shekarar ya ci maki 13 shi kaɗai cikin daƙiƙa 35 na ƙarshe ya kifar da San Antonio. Matsalar biyun nan ciwo ne, in wannan ya warke wancan ya kwanta. A 2008 sun ci wasa 22 a jere, kuma goma na ƙarshe babu Yao don ƙafarsa ta tsage, marigayi Dikembe Mutombo ɗan Kwango ne ya tsaya a gurbinsa yana da shekara 41. A 2009 suka tsallake zagayen farko karo na farko tun 1997, suka ja Lakers har wasa na bakwai duk da Yao ya sake karyewa a tsakiyar karawar. Ya yi ritaya a 2011 yana da shekara 30, abun tausayi wallahi, don in lafiyarsa ƙalau babu ɗan tsakiyar da yake jin daɗin haɗuwa dashi.

Me ya hana Harden ɗaukar kofi a Houston?

Golden State Warriors, a taƙaice. Daryl Morey, manajan da ya gina kulob ɗin da lissafi, ya ɗauko Harden daga Oklahoma City a Oktoba 2012 lokacin yana ɗan benci. Lissafin Morey shine jifan uku da na gindin kwando da na kyauta su suka fi riba, na tsaka tsaki ɓata lokaci ne, koci Mike D'Antoni kuma ya kai tsarin ƙarshe. A 2017-18 da Chris Paul suka ci wasa 65, mafi yawa a tarihin kulob ɗin, Harden ya zama gwarzon shekara, suka sa Warriors ɗin Curry da Durant a baya 3-2 a fainal ɗin yamma. Sai jijiyar cinyar Paul ta ja a minti na ƙarshe na wasa na biyar. A wasa na bakwai a gida suna gaba da maki 15, sai suka ɓarar da jifan uku 27 a jere, 7 kawai suka shiga cikin 44. Ni a ganina laifin ba na jifan uku bane shi kansa, laifin shine basu da wata hanya ta biyu in hannu ya mutu, ga gajiya don mutum bakwai kawai kocin ke juyawa.

Shekara ta gaba Harden ya dinga cin maki 36.1 a wasa, Warriors ta sake fitar dasu. Aka musanya Paul da Russell Westbrook bai yi aiki ba. A Oktoba 2019 Morey ya wallafa saƙon goyon bayan masu zanga zangar Hong Kong a Twitter, Chaina ta fusata aka daina nuna wasanninsu a can, kasuwar da Yao ya gina ta girgiza. A Janairu 2021 Harden ya tafi Brooklyn.

Waye mai kulob ɗin yanzu?

Tilman Fertitta, ɗan kasuwar gidajen abinci da otal otal. Ya saya a 2017 akan dala biliyan 2.2 daga hannun Leslie Alexander, wanda shi kuma ya saya a 1993 akan dala miliyan 85.

Lambobin waye aka rataye ba'a ƙara sawa?

11 ta Yao, 22 ta Drexler, 23 ta Murphy, 24 ta Moses Malone, 34 ta Hakeem, 44 ta Elvin Hayes, 45 ta Tomjanovich.

Ina aka kwana yanzu?

Bayan tafiyar Harden sunyi shekara uku a ƙasan teburi, cin 17, sai 20, sai 22, har da rashin wasa 20 a jere a 2021. Da wannan wahalar suka tara yara ta diraf, Jalen Green, Alperen Şengün ɗan Turkiyya, Jabari Smith da Amen Thompson. A 2023 suka ɗauki Ime Udoka koci, mahaifinsa ɗan Akwa Ibom ne kuma shi kansa ya bugawa D'Tigers, ƙungiyar kwando ta Najeriya, har gasar duniya ta 2006, mutum ne mai tsanani akan tsaro, wanda baya tsaro baya ganin fili. Shekararsa ta farko suka yi 41-41, ta biyu 52-30 suka zo na biyu a yamma, sai Warriors ɗin nan dai ta sake fitar dasu a wasa na bakwai a zagayen farko na 2025, kuma kowa yaga abinda ya rage musu shine mutum ɗaya da za'a miƙawa ƙwallo in wasa ya ɗaure. Shi yasa a bazarar 2025 suka bada Jalen Green da Dillon Brooks suka karɓo Kevin Durant daga Phoenix, ɗaya daga cikin waɗanda suka hana su kofi a 2018.